Dorugu: Bawan da Ya Zama Malami

A gabas da Tasawa, kan hanyar Damagaram, akwai ƙasar Kance. A can, cikin wani ƙauye mai suna Dambanas, aka haifi Dorugu wajen shekara ta 1840. Ubansa manomi ne, kuma makaɗi. Yaron ya tashi yana bin ubansa gona, kamar kowane ɗan ƙauye.

Zamanin nan babu kwanciyar hankali. Mahaya dawaki kan faɗa wa ƙauye, su kwashe mutane, su kai kasuwa su sayar. Wata rana abin ya faɗo kan Dorugu. Yana ɗan shekara goma sha kaɗan aka kama shi, aka raba shi da iyayensa. Aka kai shi Damagaram, daga nan aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno. Ka ji ɗan mutane ya zama bawa a ƙasar da bai san kowa ba.

A wannan lokaci wasu Turawa matafiya sun ƙetaro hamada sun shigo ƙasar Hausa. Biyu daga cikinsu mutanen Jamus ne. Ɗaya sunansa Barth, ana ce mishi Abdulkarim. Ɗayan kuma Overweg. A watan Janairu na 1851 sun iso Tasawa. Barth ya nufi Katsina da Kano, Overweg kuwa ya zaga Maraɗi da Gobir. Daga baya suka sake haɗuwa a Kukawa. A can Overweg ya fanshi Dorugu, ya ƴanta shi, tare da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega.

A 1852 Overweg ya mutu a bakin tafkin Cadi. To, ina yaron zai sa kansa? Yana da ƴanci, amma ba shi da kowa, kuma hanyar gida cike take da masu kamun bayi. Sai ya bi Barth, ya zama yaronsa. Tafiyar ba ta wasa ba ce. Sun bi ta Damagaram, da Katsina, da Sakkwato, suka ƙetare kogin Kwara a Sayi, suka isa Tumbutu a 1853. Sun yi watanni a can cikin haɗari, Shehu Albakkay ne ya ba su kariya. Dorugu bai yi tafiyar nan ido rufe ba. Duk garin da suka sauka yana lura da kasuwa, da abinci, da halin mutane, yana ajiyewa a ka.

A 1855 Barth ya tashi komawa ƙasarsu, ya tafi da samarin biyu. Suka bi ta Bilma da Murzuk, cikin rairayi da ƙishirwa, har Tarabulus. Daga nan suka shiga jirgin ruwa. Dorugu ya ga Landan, ya ga Hamburg, ya ga jirgin ƙasa, ya sha sanyin da bai taɓa jin irinsa ba.

A Ingila akwai wani ɗan mishan mai suna Schön, wanda ya daɗe yana son ya rubuta harshen Hausa. Sai samarin suka zauna gidansa. Nan Dorugu ya gane yana riƙe da dukiyar da Turawa ba su da ita: harshen uwarsa. Ya riƙa ba Schön tatsuniyoyi, da labarin rayuwarsa, da labarin tafiye-tafiyensa, shi kuwa yana rubutawa. A wajen Schön kuma Dorugu ya koyi karatu da rubutun boko, da Ingilishi. Abbega ya koma gida a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu bai yi gaggawa ba. Ya tsaya har 1864, sai da ya ƙoshi da karatu.

Aikin nan ya yi albarka. Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, wanda labarin Dorugu ke ciki. Littattafan nan suna cikin na farko da aka buga da Hausa a haruffan boko. Irin rubutun da muke koya yau a ajin yaƙi da jahilci, akwai gumin ɗan Dambanas a tushensa.

Da ya dawo, Dorugu ya yi shekaru yana aikin tafinta tsakanin Turawa da mutanen ƙasa. Karatunsa ya ci da shi. Tsufa ma bai zaunar da shi ba. A 1909 wani Bature mai suna Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Dorugu na da kusan shekara 70, amma ya shiga cikin malamanta, yana koya wa ɗalibai karatu da rubutu. A Kano ya rasu a 1912.

Dorugu bai zaɓi bauta ba, bai zaɓi rabuwa da gida ba. Abin da ya zaɓa shi ne ya buɗe ido da kunne duk inda ya samu kansa, kuma da karatu ya zo gabansa bai ce sai gobe ba. Bayi dubbai an bi da su hanyar Barno, sunansu ya ɓace. Nasa ya tsira saboda an rubuta shi.

Mu kuwa ba sai mun ƙetare hamada ba. Aji yana cikin garinmu, ko a Tasawa ko a Mayahi, kuma rani lokacin karatu ne, kafin damina ta kira mu gona. Gemu ba ya hana ilimi.

Tambayoyi
1. A wane ƙauye aka haifi Dorugu?
2. Wa ya ƴanta shi, kuma a wane gari?
3. Me Dorugu ya ba Schön, me ya samu a wajensa?
4. Wane aiki Dorugu ya yi da tsufansa?