Charles Wheatstone: Mai kunyar da ya gano sirrin fim ɗin 3D

Ɗaga yatsanka a gaban fuskarka. Rufe idon dama, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Ka ga yadda yatsan ya yi tsalle? Idanunka ba hoto ɗaya suke gani ba, saboda akwai tazarar kusan santimita 6 a tsakaninsu. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa hotunan biyu, ta nuna maka abin da ke kusa da wanda ke nesa. Mutumin da ya fara tabbatar da haka da na'ura shi ne Charles Wheatstone, ɗan Ingila.

An haife shi a 1802 kusa da garin Gloucester. Gidansu masu ƙera kayan kiɗa ne, kuma yana shekara 14 aka tura shi Landan wajen baffansa ya koyi sana'ar. Shi kuwa hankalinsa na kan littattafai. Bai yi jami'a ba fa, amma a 1834 ya zama farfesa a King's College. Matsalarsa ita ce kunya. Tsayuwa gaban taro na yi masa wuya, har abokinsa Michael Faraday ne ke gabatar masa da wasu laccocinsa.

A 1838 ya bayyana na'urarsa, sitiriyoskop. Madubai biyu ne kawai, kowanne na aika zane daban zuwa ido ɗaya. Zanen hannu ne ma, domin sai a 1839 aka sanar wa duniya ɗaukar hoto. Mai kallo sai ya ga zanen ya taso kamar zai taɓa shi. Gilashin da ake ba ka a sinima da tabarau na VR duk wannan dabarar suke bi.

Ka taɓa jin ciwon kai bayan kallon 3D? Idonka na kan allo, amma hoton na jan shi gaba ko baya, sai ya gaji. Shi ya sa injiniyoyin bidiyo ke sa kwamfuta ta hasaso inda ido zai fara sauka, kamar fuska ko abu mai motsi, su daidaita zurfin wurin don kallo ya yi daɗi.

Shi dai Wheatstone bai yi sa'ar suna ba. David Brewster ya ƙera ƙaramar na'ura mai gilashi da ta yi kasuwa bayan baje kolin Landan na 1851, har ya yi ta jayayya da shi kan wanda ya riga. Rubutun sirrin da ya ƙirƙiro a 1854 sunan abokinsa Lord Playfair aka laƙaba masa. Abin dariya kuma, na'urar auna lantarki da ɗalibai ke kira gadar Wheatstone ta Samuel Christie ce, kuma shi da kansa ya faɗi haka, mutane suka ƙi ji. Ya rasu a Paris ranar 19 ga Oktoba, 1875.