Likita Mila da Makarantar da Ta Koma Gindin Dutsen Wusasa

Mu da muke zaune a arewacin kogin Kaduna, da wuya a sami wanda bai taɓa shiga asibitin Barau Dikko ba, ko don jinya ko don dubiya. Amma in aka tambayi matasan ikkilisiyarmu ko wane ne mai sunan, kaɗan ne za su iya cewa shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita, kuma Kirista ne ɗan ƙasar Zazzau. Waɗanda suka san inda ya fara karatu ba su ma kai haka ba. Ya fara ne a makarantar kwana ta mishan CMS a Zariya, wadda daga baya ta koma gindin dutsen Wusasa. Tarihin mutumin da ya kafa ta muke so mu duba yau, wato Dokta Walter Miller, wanda kakanninmu suke kira Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Da ya ba da kansa ga aikin bishara a ƙasar Hausa, sai aka fara tura shi Tarabulus ta Libiya, domin a lokacin akwai Hausawa fatake da mahajjata a can, ya koyi harshen daga bakin masu shi. A nan ya haɗu da wani yaro mai suna Abdulmajid wanda ya zama ɗan gidansa.

A 1900 su biyar suka kama hanyar Kano, Bishop Tugwell ne jagoransu. Ba su nemi izini ba kafin su taso, Sarkin Kano Alu kuwa bai ɓoye fushinsa ba, ya umarce su su bar masa gari. Suka juyo kudu suka tsaya a Girku, inda ɗayansu, Rabaran Dudley Ryder, ya rasu. Tafiyar ba ta haifar da mai bi ko ɗaya ba. Mila ya koma gida da ciwo, amma ya sake dawowa, kuma a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi.

Da akwatin magani ya zo, amma makaranta ce ta cinye ransa. Ya kawo wa Gwamna Lugga shawara a buɗe makarantar kwana don 'ya'yan sarakuna, da wata don malamai su koyi rubutun boko. Ta malamai ta ɗan yi aiki. Ta 'ya'yan sarakuna ba ta tsaya da ƙafarta ba, gama sarakuna ba su yarda su danƙa 'ya'yansu ga ɗan mishan ba, Lugga kuma ya bar Arewa a 1906. Daga baya gwamnati ta buɗe tata makarantar a Nasarawa ta Kano a 1909, a hannun Hans Vischer, Ɗan Hausa. Sai Mila ya buɗe ƙofar gidansa ga yaran da ya samu: marayu, da waɗanda aka 'yanto daga bauta, da 'ya'yan sababbin masu bi.

Abin da ya cika makarantar da yara kuwa, baƙin ciki ne. A 1913 wasu mutane suka zo wurinsa daga cikin Isawa, almajiran Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano tun cikin ƙarni na 19 saboda girman da yake ba Annabi Isa a cikin koyarwarsa. Mabiyansa sun warwatsu wajen Ningi da gabashin Zazzau suna jiran wanda zai zo ya ƙara musu bayani. Da yawansu suka karɓi baftisma, aka kafa musu ƙauye a Gimi, wani Rabaran Thompson daga tsibiran Karibiyan yana kiwonsu. Ba a san wurin matattarar ƙudan tsando ba ne. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kwashe mutane da yawa, ƙauyen ya watse, yaran da suka tsira suka sami mafaka a makarantar Zariya.

Don haka zaman ya fi kama da gidan gandu fiye da abin da muke kira makarantar kwana yau. Yaran su ne iyalinsa. Tare ake addu'ar safe da ta yamma da Hausa, a yi karatu da Hausa da Turanci, a yi aikin gida. Ba a raba su da Hausancinsu ba, shi ya sa har yanzu in ka ji sunayen Kiristocin Wusasa za ka ji Audu, Dikko, Tafida, Aliyu. Amma kada mu shafa wa tarihin mai. Mila mutum ne mai kaifin harshe, ba ya iya ganin abin da ya ɗauka zalunci ne ya yi shiru, kuma ba kullum yake tsayawa ya saurari wani ba. Bai jitu da Sarki Aliyu ba, ya sha kai ƙarar fada wurin Turawa, su ma Turawan mulkin ya ishe su da sūka. Yaron da ya tashi a hannunsa kuma sau da yawa yakan tarar da rata tsakaninsa da danginsa na ƙauye, ratar da wasu ba su taɓa cike ta ba.

Gwamnati ta daɗe tana matsa wa CMS ta fita daga cikin ganuwa. A 1929 mishan ta yarda, aka koma Wusasa, 'yan kilomitoci yamma da birni, a gindin dutse, kusa da duwatsun Kufena inda Zazzagawan dā suka taɓa zama. Sababbin ma'aikata, Rabaran Guy Bullen a gaba, suna ganin an sami fili, ga iska, ga wurin gina asibiti da ɗakunan kwana. Mila bai yarda ba. A ganinsa, in masu bi suka fita daga cikin maƙwabtansu Musulmi suka kafa nasu gari, sun sayi kwanciyar hankali da shaidarsu. Bai bi su Wusasa ba, ya tafi Kano.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a gare mu. Bayan rikicin 2000 da na 2002, 'yan'uwa da yawa sun kwashe kaya daga wannan gefen sun haye kogi zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi. Ba mu ga laifin kowa ba, wanda ya binne nasa shi ya san abin da ya gani. Amma mu da muka rage muna jin nauyin maganar Mila duk ranar da muka lura cewa yaranmu da na maƙwabta ba su san sunan juna ba. A namu ganin, ya yi gaskiya game da abin da aka rasa. Inda bai hango ba shi ne abin da Ubangiji zai yi da gindin dutsen nan.

Gama Wusasa ta yi 'ya'ya. Aka gina majami'ar St Bartholomew da tubalin ƙasa, da bakan gizo irin na magina Hausawa, tana nan tsaye har yau. Aka gina asibitin St Luke. Makarantar ta ci gaba da sunan St Bartholomew, yara suna zuwa daga ƙasar Hausa da kudancin Zariya da Filato suna kwana ɗaki ɗaya, Hausa ce ta haɗa su. Barau Dikko ya wuce King's College a Legas, ya karanta likitanci a Birmingham, ya dawo ya zama shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa na farko tun tana ƙungiyar al'adu, daga baya ya riƙe ma'aikatar ma'adinai da lantarki ta tarayya. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan wannan gida ne. Ishaya Audu, ɗan Malam Bulus Audu na zuriyar Isawa, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A daidai waɗannan shekaru wani tsohon ɗalibin makarantar, Yakubu Gowon, ɗan mai bishara Yohanna Gowon, shi ne shugaban Najeriya. Daga baya Angalikan suka ƙara kwalejin St Paul, wadda gwamnati ta karɓa a shekarun 1970 ta sa mata suna Kwalejin Kufena, kamar yadda St John ta nan Kaduna ta koma Kwalejin Rimi.

Shi kuwa Mila, a Kano ya duƙufa kan aikin da ya daɗe yana yi tare da ma'aikatan wasu mishan da Hausawa mataimakansa. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Wannan fassara ce iyayenmu na ECWA da COCIN da EYN da HEKAN suka riƙa karantawa kusan shekara hamsin, ciki har da kabilun da Hausa ba harshen uwarsu ba ne, waɗanda ba su ne ya fito nema ba tun farko. Ya ajiye aiki da CMS a 1935, ya koma Ingila ya rubuta tarihin aikinsa, amma zaman can bai karɓe shi ba. Ya dawo Najeriya da tsufansa, ya ci gaba da rubuce-rubuce yana tuhumar mulkin Turawa kan yadda suka bar Arewa a baya wajen ilimi. Ya rasu a Bukuru a 1952 yana da shekara 80, aka binne shi a Jos.