Ivan Pavlov, Likitan da Ya Gano Yadda Sabo Ke Kama Jiki

Duk mai kiwon kaji a nan Suleja ya san abin nan: da uwargida ta ƙwanƙwasa kwanon tsaba, kaji za su sheƙo a guje tun ba su ga ƙwaya ko ɗaya ba. To, akwai mutumin da ya kwashe fiye da shekara talatin yana bin diddigin wannan al'amari, shi ne Ivan Pavlov.

An haife shi a 1849 a garin Riyazan na ƙasar Rasha. Mahaifinsa limamin coci ne, shi ma karatun addininsu ya fara, amma a 1870 ya bari ya tafi jami'ar San Fitasbag, inda ya karanta ilmin aikin gaɓoɓin jiki, daga baya ya zama likita. Ya yi aure a 1881 cikin matsanancin talauci. A 1904 aka ba shi lambar Nobel saboda bincikensa kan narkewar abinci, shi ne ɗan Rasha na farko da ya samu.

Kada mai karatu ya ce me ya haɗa mu da kare, ai darasin ba na kare kaɗai ba ne. Yana cikin auna miyaun karnuka sai ya lura miyau na zubo musu da sun ga mai kawo abinci, tun kafin nama ya taɓa harshe. Sai ya riƙa kunna wata 'yar na'ura mai ƙas-ƙas kamar agogon bango, sannan ya ba da abinci. Da aka maimaita sau da yawa, ƙarar kaɗai ta isa ta sa miyau dalala.

Amma fa abin yana da sharuɗɗa. Dole ƙarar ta riga abincin, kuma ratar da ke tsakani kada ta yi tsawo. In abinci ya riga, da ƙyar kare ke koyon komai. Ƙosasshen kare ba ya koyo kamar mayunwaci. Wata baƙuwar ƙara daga waje tana ɓata komai, shi ya sa aka gina masa ɗakunan gwaji masu kaurin bango da hayaniya ba ta shiga. In kuwa aka yi ta kunna ƙarar babu abinci, sabon ya dushe, sai dai bayan an huta yakan sake ɓullowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ambaliyar watan Satumba na 1924. Kogin Neba ya cika ya shiga birnin, wanda a lokacin aka koma kira Leningarad, karnukan suka kusa nutsewa a kejinsu. Bayan an cece su, wasunsu sun watsar da abin da aka daɗe ana koya musu. Firgici ya shafe horo ke nan. Da na karanta wannan, sai na tuna yaran da aka cika wa bulala har karatun jiya ya gudu.

Ɗaya ɓangaren, wato koyo ta hanyar sakamakon aiki, wani Ba'amurke ne, Skinner, ya faɗaɗa shi da ɓeraye da tantabaru. Ɓera ya danna ƙarfe, abinci ya faɗo, sai ya ƙara dannawa. Nan ma lada mai saurin zuwa ya fi tasiri. Ni kaina na gani a shago: yaron da na ba ɗan ihsani ranar da ya yi ciniki mai kyau ya fi zage damtse kan wanda na ce ya jira Sallah.

Littafin Skinner na farko ya fito a 1938, Pavlov bai gan shi ba. Ciwon huhu ya kama shi, ya mutu ran 27 ga Fabrairu, 1936, yana da shekara 86.