Cicely Saunders: Nas ɗin da ta ƙi juya wa mai ciwon ajali baya

An haifi Cicely Saunders a Barnet, arewacin Landan, ranar 22 ga Yuni, 1918. Tana karatu a Oxford yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sai ta ajiye littattafai a 1940 ta shiga koyon aikin jinya a Asibitin St Thomas. Ciwon baya ya raba ta da rigar nas, ta koma aikin kula da walwalar majinyata.

A zamanin, da zarar likita ya fid da rai da mutum, akan rage leƙa gadonsa. Maganin raɗaɗi kuwa sai ya yi ta nishi kafin a ba shi, wai kada ya zame masa jaraba, sai ka ce mai sauran makonni a duniya jaraba ce damuwarsa. A 1948 ta riƙa zama da David Tasma, Bayahude ɗan Poland da kansa ta ci ƙarfinsa. Da ya rasu, ya bar mata fam 500 don gina gidan da mutum zai cika cikin mutunci.

Babban darasinta daga ma'aikatan jinya ta same shi. A gidan St Luke, inda take aikin sa kai da yamma, ta ga suna ba da maganin kashe raɗaɗi ta baki a kan ƙa'idar lokaci, kafin ciwon ya dawo. Marar lafiya sai ya kasance cikin hayyacinsa, ya yi sallama da iyali, ya bar wasiyya. Don likitoci su saurare ta, ta karanta likitanci, ta kammala a 1957. A gidan St Joseph ta yi shekaru tana sauraren majinyata, har ta tabbatar cewa azabar mai mutuwa ba ta jiki kaɗai ba ce: akwai tsoro, da tunanin 'ya'ya, da damuwar makoma.

Duk ɗan Shira da ya taɓa barin ofis a Abuja ya je jinyar mahaifi a asibitin tarayya na Azare ya san abin da ta gano. Likita ya zaga ya wuce. Nas ce ke nan da tsakar dare. Halinta ne zai sa a jiƙa wa tsoho leɓe, a rufa masa asiri da labule, a bar dangi su matso su laƙƙana masa kalmar shahada.

A 1967 ta buɗe St Christopher's a kudancin Landan, inda ta haɗa jinya da koyarwa da bincike. Tafarkin ya iso Afirka; a 2004 Uganda ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta maganin mofin. Kansa ce ta yi ajalinta ranar 14 ga Yuli, 2005, tana da shekara 87, a gidan da ta gina.