Mikhail Tsvet da Garin Allin da Ya Raba Launukan Ganye

An haifi Mikhail Tsvet a garin Asti na ƙasar Italiya ranar 14 ga Mayu, 1872. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnatin Rasha ne, mahaifiyarsa kuwa ba ta daɗe ba a duniya bayan haihuwarsa. A Suwizalan ya tashi, ya sami digirin digirgir a ilimin tsirrai a Jami'ar Janiba a 1896. Da ya koma Rasha sai aka ƙi amincewa da takardunsa, dole ya sake lale, ya kammala digiri na biyu a Kazan a 1901, sannan ya tare a Warso, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Rasha.

Tambayar da ta dame shi ƙarama ce a ido. Me ya sa ruwan fetur mai saurin tashi yake ɗebe launin rawaya kaɗai daga ganye, alhali barasa tsantsa tana kwaso koren duka? Tsvet ya gane cewa koren, wato kulorofil, maƙale yake a jikin naman ganyen, sai ruwan da ya fi ƙarfin riƙon ke iya ɓamɓare shi. Daga nan ya gwada gari sama da iri ɗari, ya ga garin alli ya dace. Ya danƙara shi cikin siririn bututun gilashi, ya zuba ruwan ganye ta sama, ya bi shi da ruwan wanki. Launin da allin ya riƙe da ƙarfi ya tsaya can sama, wanda riƙonsa ya yi sako-sako ya gangara, bututun ya fito da zobba kore da rawaya. Duk wanda ya ga matan Jangebe ko Bakura suna tatar ruwan toka ya san siffar aikin, sai dai su abin da ke ɗigowa suke nema, shi kuwa abin da ya maƙale a hanya yake kallo.

Ya bayyana dabarar a Warso a watan Maris na 1903, ya raɗa mata suna kiromatogirafi a 1906, wato rubutu da launi. Abin sha'awa, sunansa ma launi yake nufi da Rashanci. Manyan masana sinadarai sun yi mata riƙon sakainar kashi, ciki har da Richard Willstätter, wanda ya ci kyautar Nobel ta 1915 a kan binciken launukan tsirrai. Littafinsa na 1910 kuma da Rashanci ya fito, masu karanta shi a Yammacin Turai ba su da yawa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Warso a 1915. Ya zama farfesa a Tartu a 1917, shekara ta kewayo aka kwashe su zuwa Boronej, inda ya rasu ranar 26 ga Yuni, 1919, yana da shekara 47.

Sai a 1931 Richard Kuhn da Edgar Lederer suka farfaɗo da dabarar a Jamus. Lissafinta ya biyo baya: a 1941 Archer Martin da Richard Synge suka ɗauki bututun a matsayin jerin ƙananan ɗakuna, kowane ɗaki yana daidaita abin da ya maƙale da abin da ke cikin ruwa kafin ya miƙa wa na gaba. A kan irin wannan tunani ake kwaikwayon aikin da kwamfuta a yau. Wahalar ita ce guraben maƙalewa suna da iyaka, kamar yadda Irving Langmuir ya nuna a 1918, don haka idan sinadari ya yi yawa sai zobensa ya karkace, goshinsa ya yi kaifi, ya ja jela a baya. Idan kuwa mai lissafi ya yi rowar ɗakuna, kwamfuta takan baje zobban fiye da yadda suke bajewa a cikin gilashin gaske.