Marina Raskova: Matar da ta buɗe wa mata ƙofar jiragen yaƙi

An haifi Marina Raskova a birnin Mosko a 1912. Tana yarinya burinta waƙa ne, amma aiki ya kai ta makarantar sojan sama, inda ta ƙware wajen tsara wa jirgi hanya.

Ta yi suna a 1938, lokacin da ita da wasu mata biyu suka yi tafiyar kusan kilomita 6,000 daga Mosko zuwa gabashin ƙasar ba tare da sauka ba. Da mai ya ƙare, ta diro da lema, ta kwana goma a daji ita kaɗai.

Bayan Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet a 1941, ta shawo kan Stalin aka kafa rundunonin sama uku na mata. A garin Engels, horon da kan ɗauki shekaru aka matse shi cikin watanni. Runduna ta 588, mai kai farmaki da dare, Jamusawa suka laƙaba mata suna Mayun Dare.

Raskova ba ta ga ƙarshen yaƙin ba. Jirginta ya faɗi kusa da Saratov ranar 4 ga Janairun 1943, tana da shekara 30.