Ayuba Sulaiman Diallo, Falken da Aka Sayar a Kasuwar da Ya Je Ci

A wannan fitowa ta cikar shekarar ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu tuna da wani falke da ya riga mu bin hanya. An haifi Ayuba Sulaiman Diallo a 1701 a ƙasar Bundu, cikin Senegal ta yau. Bafulatani ne, ɗan gidan malamai, mahaddacin Alƙur'ani.

A 1731 mahaifinsa ya aike shi bakin kogin Gambiya ya sayar da bayi biyu, ya sayo takarda. Ciniki bai faɗa ba tsakaninsa da Kyaftin Pike, sai ya sallami 'yan rakiyarsa, ya ƙetare kogin da tafintansa, ya musanya bayin da shanu. A hanyar dawowa mahara suka kama su, suka sayar da su ga wannan kyaftin ɗin. Ayuba ya aika gida a kawo fansa, amma kafin ta iso jirgi ya tashi.

Aka sauke shi a Annapolis ta Maryland, ƙasar da Turawan Ingila suka fara zama a 1634 a kan filayen 'yan asalin wurin. Arzikinta taba ce, har da ita ake biyan bashi da haraji. Masu noma ta kuwa Turawa ne 'yan ƙwadago da aka ɗaure da yarjejeniyar shekaru, da bayi daga Afirka.

Ayuba ya gudu daga gona, aka kama shi aka kulle. Ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta faɗa hannun James Oglethorpe a Landan, wanda ya sa aka fanso shi. Ya isa Ingila a 1733, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku. A 1734 ya komo Gambiya, daga baya labarin rasuwar mahaifinsa ya iske shi. Bai manta da tafintansa ba, ya yi ta neman a fanso shi har ya dawo a 1738. Ayuba ya rasu a 1773, shekara uku kafin Amurka ta ayyana 'yancinta.

'Yan'uwa, mu riƙe abu uku. Kada mu rabu da ayari a ƙasar da ba mu sani ba. Mu sa 'ya'yanmu karatu, domin alƙalami ne ya fitar da shi. Kuma mu guji duk fataucin da hajarsa mutum ne, don shi kansa mai sayarwar an sayar da shi. Allah ya kiyaye hanyoyinmu.